Ciwon ƙugu: kafin ki aiki yaro kemis

Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na mazaɓar Kausani,

Yau ba maganar taro na zo da ita ba. Maganar ciwon kwankwaso ce, kuma na jiki nake nufi, kada wata ta ce na taɓo siyasa. A zamanmu na ƙarshe na lura duk wadda za ta tashi daga tabarma sai ta dafe ƙugu ta ce wash. Daka, surfe, jan ruwa, wanki a sunkuye, goyo, ga haihuwa kusa-kusa, ina bayan zai huta?

Bara da damina na sunkuya zan ɗaga jarkar ruwa, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙasan baya. Na yi abin da kowaccenmu take yi, na aiki yaro kemis. Aka haɗo mini ƙwayoyi a leda, ja da fari da rawaya, ko suna babu. Ciwon ya lafa, ni kuwa na ci gaba da sha, wani lokacin ko karyawa ban yi ba. Bayan sati uku ciki ya ɗauki zafi, bayan gida ya koma baƙi ƙirin. A asibiti aka ce gyambon ciki ne har ya fara jini. Likita ya ce irin wannan haɗin yawanci da diclofenac da ibuprofen a ciki, kuma haɗa su ko daɗewa ana sha yana cin ciki, yana taɓa ƙoda. Wani haɗin har da dexamethasone, mai kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini. Tramadol kuwa ba sai na faɗa ba, mun ga abin da ya yi wa 'ya'yanmu.

Abin da na koya shi ne ciwon baya iri biyu ne. Mafi yawansa tsoka ce ta gurɗe, kuma duk tsananinsa yakan sauka da kansa cikin kwanaki zuwa sati 6. Wannan ba ya son kwanciya wuni guda, kwanciyar ma ƙara sandarar da bayan take yi. Ki riƙa ɗan takawa a tsakar gida, ki gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ki bar wa yara ɗaukar nauyi. In dole sai kin ɗaga abu, durƙusa ki ɗago shi a jikinki, kada ki sunkuya. Magani kuma a bar ma'aikacin lafiya ya rubuta, da sunansa da kwanakinsa.

Na biyun shi ne wanda ba a kwana da shi. In ƙafa ta mutu ko kina jan ta, in tsakanin cinyoyi ya daina ji, in fitsari ya tsaya ko yana zuba ba ki sani ba, to jijiyoyin baya ne suka matsu, a nemi mota a ranar, ko da dare ne. Jinkiri a nan yana iya barin mace a zaune har ƙarshen rayuwa. Haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko hatsarin babur. Haka in ya zo da zazzaɓi da zafin fitsari, don yana iya zama ƙoda. In kuwa kina rama, kina gumin dare, ciwon yana hana ki barci wata da watanni, a duba TB, don tana kama ƙashin baya ba huhu kaɗai ba, kuma maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati. Mai juna biyu ita ma daban ce: ciwon baya mai zuwa yana tafiya kafin wata tara, ko da jini ko ruwa, naƙuda ce za ta iya zama. Kada ta taɓa haɗin kemis, ta koma inda take awo.

To ina za a je? Ni dai a ganina a fara da asibitin da ke kusa, in ya fi ƙarfinsu a wuce Babban Asibitin Wudil. Su za su ga ko ana buƙatar hoto, don ba kowane ciwon baya ke buƙatarsa ba. In na ƙashi ne ko jijiya, ki karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake wannan aikin tun 1959, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Duka suna da sashen gashi. Wasu suna jin an ce Dala sai su ce za a yanka su. Yawancin masu ciwon baya ba sa kaiwa ga tiyata, gashi da motsa jiki ake koya musu.

Ba na raina wanzami ko mai ɗori, iyayenmu ne. Amma baya laka ce a cikinsa, kada ki yarda wani ya taka ki ko ya ja ki kafin a san abin da ke ciki. Masu lasifikar ranar Juma'a a kasuwar Wudil kuwa, kwalba ɗaya ta basir da sanyi da shawara da ciwon baya, haba jama'a!

Na san kuɗin mota zuwa Kano ba wasa ba ne, kuma wata sai ta sha fama kafin maigida ya bari. Ki lissafa masa abin da leda-ledar kemis ta cinye a wata uku. Ki kuma tambaya a asibiti ko kina cikin waɗanda tsarin KSCHMA yake ɗauka.

Shugabannin akwatuna, don Allah kowacce ta duba unguwarta. In akwai wadda ciwon baya ya kwantar, musamman mai jan ƙafa, a turo mini ta waya ta gefe, kada a sa sunan kowa a nan. Za mu ga yadda za a haɗa kuɗin mota da wadda za ta raka ta. A karanta wa waɗanda ba su da babbar waya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Taku,
Shugabar mata, mazaɓar Kausani