Ra'ayinmu: In Allon Zamani Ya Fashe

Tun daga shekarar 2010, lokacin da kamfanin Apple ya fito da iPad, kamfanin Samsung kuma ya biyo baya da Galaxy Tab, kwamfutar hannu ta yi ta kutsawa cikin harkar ilmi har ta zama allon ɗalibin zamani. Rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona ya ƙara mata gindin zama. A yau a cikinta ɗalibi ke tara takardun lacca da littattafan da ba shi da halin saye, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, har da babin kundin digirinsa. Amma fa allon nan gilashi ne. Faɗuwa ɗaya daga gadon sama a ɗakin kwana, ko matsi ɗaya a cikin motar haya, ya isa ya jefa aikin zango guda cikin haɗari. Don haka muka ga ya dace mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai a kan abin da ya kamata a yi in wannan tsautsayi ya auku.

Dalilin da ya sa maganar ta yi nauyi ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan na'urori daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu kuwa yana bin dalar Amurka sau da ƙafa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata daraja, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, kuɗin guzuri da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara bayarwa a shekarar kuma Naira 20,000 ne a wata. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai gane cewa ɗalibin da ya yi mummunan zaɓi ya zubar da abincin watanni ne, ko kuma gumin iyayen da suka sayar da amfanin gona don su ɗauki nauyinsa.

Shawararmu ta farko ita ce a guji gaggawa. Fashewar fuska ba mutuwar na'ura ba ce. Fuskar nan hawa-hawa ce: akwai gilashin waje, akwai shimfiɗar da ke jin taɓawar yatsa, sa'an nan akwai ainihin allon da ke nuna hoto. In rubutu yana fita garau, babu baƙin tabo ko layuka, to allon ciki lafiyarsa lau. A wasu na'urori, kamar iPad ƙarni na 9 da aka fitar a 2021, gilashin waje a ware yake, ana iya canza shi shi kaɗai. A wasu kuwa an manne su wuri ɗaya, sai an canza duka, kuɗin kuma ya ninka. A je wurin masu gyara biyu ko uku a ji bakinsu. A ganinmu, in kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa, na'urar kuma ta tsufa har kamfanin ya daina aiko mata da sabuntawa, to gyaran ya zama zuba ruwa a rariya. Ko ma wanne aka zaɓa, a fara kwashe takardun karatu zuwa waya ko kwamfutar aboki kafin na'urar ta bar hannu.

In kuwa saye ya zama dole, sai kowa ya tambayi kansa aikin da zai yi da ita. Ɗalibin zanen gine-gine ko na zane-zane yana bukatar wadda ke karɓar alƙalami, wannan kuwa da tsada. Amma galibinmu karatu muke yi da rubutu da kallon lacca, kuma don wannan matsakaiciya ta wadatar. Abin da za a dage a kai kaɗan ne. Kada ram, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita, ta gaza gigabait 4, don wadda ke ƙasa da haka takan riƙa sarƙewa in an buɗe babban littafi tare da intanet. Kada ma'adana ta gaza gigabait 64, kuma a fifita mai ramin katin memori. Fuska ta kai inci 10, mai kaifin da ƙananan haruffa za su fita ba tare da an wahalar da ido ba. Batir ya kai wajen 7,000 a ma'aunin mAh, tunda kowa ya san halin wutar lantarki a ɗakunan kwananmu. Kafar caji ta zama USB-C, wadda caja ɗaya za ta yi mata aiki tare da yawancin wayoyin yanzu. Kyawun kyamara da sirantar jiki ba sa ƙara maki ko ɗaya a jarrabawa. Mai ɗaukar layin waya ta fi tsada, alhali wanda ke da waya yana iya raba wa na'urar intanet daga wayarsa.

Wannan mujalla ba ta yi wa kowane kamfani talla, amma ya kamata mai saye ya san filin. A sahun masu sauƙin kuɗi akwai jerin Galaxy Tab A na Samsung, da Tab M na Lenovo, da Redmi Pad na Xiaomi, da waɗanda ke fitowa da sunan Infinix da itel da Tecno, dukansu ukun na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Na'urorin Fire na Amazon suna da araha, sai dai ba sa zuwa da rumbun manhajojin Google Play. Haka ma sababbin na'urorin Huawei tun bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019. Wanda karatunsa ya rataya a kan manhajojin Google ya lura da wannan tun kafin ya biya. Ita iPad takan daɗe tana samun sabuntawa, amma ba ta da ramin katin memori, kuɗinta kuma ya fi. Akwai kuma tambayar da mutane ke mantawa: in wannan ma ta fashe, ana samun gilashinta a kusa? Mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ya fi mai talla sanin amsa, shi ya kamata a tambaya.

Na'urar hannu, wadda wani ya yi amfani da ita, hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, in an bi ta da ido buɗe. Kowace iPad tana iya kasancewa ɗaure da asusun iCloud na mai ita na farko, in bai cire ba kuwa, ba za ta buɗu ga mai saye ba. Na'urorin Android ma suna da irin wannan makulli tun 2015. Saboda haka a sa mai sayarwa ya goge na'urar a gabanka, ka shigar da naka asusun, ka ga ta buɗe, sa'an nan ka ƙirga masa kuɗi. A gwada caji da lasifika da kowace kusurwa ta fuska. A tuna batir yana raguwa da yawan caji, na'urar da ta shekara huɗu tana aiki ba za ta riƙe wuta kamar sabuwa ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura da sunan shago. Wanda ya sayi kayan da babu rasit a wulaƙantaccen farashi daga hannun baƙon fuska, ya sani karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Sai kuma jabu. Akwai na'urori marasa sunan kirki da ake tallatawa da alkawarin ma'adana mai gigabait 512 a kuɗin da bai kai na matsakaiciyar waya ba. Wasunsu an shirya su ne su riƙa nuna alƙaluman ƙarya, sai an zuba musu kaya asiri ke tonuwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tura kuɗi ga wanda aka gani a shafin sada zumunta, ba a ga kaya ba, cinikin biri a sama ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba, amma ba rasit ba adireshi, wa za a kama?

Babban abin da muke tsoro shi ne fariya. Mun san yadda ido ke bin abin da ke hannun ɗalibi a ɗakin lacca, mun kuma san yadda wannan ke tura wasu cin bashi. Manhajojin ba da rance sun yi ƙaurin suna wajen ruwa mai nauyi da aika saƙon tozarci ga 'yan'uwan wanda ya makara da biya, har hukumar FCCPC ta ɗauki mataki a kan wasunsu a 2022. Mutuncin ɗalibi ya fi kowace na'ura daraja. Adashi tsakanin abokai amintattu, ko haƙurin wata biyu da waya da littafin rubutu da laburare, ya fi wannan hanya nesa ba kusa ba.

Bayan an saya, rigakafi ya fi magani. Riga mai kauri da gilashin kariya kuɗinsu ƙalilan ne in an gwada da kuɗin sabuwar fuska. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, iCloud kuma gigabait 5, wanda ya ishi ajiye kwafin kundi da takardun lacca. Tsohuwar kuma kada a jefa ta bola, musamman in batirinta ya kumbura, don yana iya kama wuta. A goge ta, a sayar wa masu gyara su ciri abin da zai yi amfani.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su tattara sunayen masu gyara da masu sayarwa waɗanda ɗalibai suka shaida amanarsu, su kuma yi tunanin tanadin 'yan na'urori na aro ga wanda tsautsayi ya faɗa wa gab da jarrabawa. Muna roƙon hukumomin jami'a su inganta wuta da intanet a laburare, malamanmu kuma su riƙa ajiye kwafin takarda na abin da suke rabawa ta intanet, don kada rashin na'ura ya zama rashin darasi ga ɗan talaka. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, ku sayi abin da aljihunku zai ɗauka, ku riƙe shi da kyau. Allah Ya ba mu sa'ar abin da ya kawo mu, amin.