Peugeot RCZ: inda aka yi zargi da inda ciwon yake

A shekarar 2015 kamfanin Peugeot, wanda bakin jama'a ya mayar Fijo tun zamanin 404, ya daina ƙera wata ƴar mota mai ƙofa biyu da ya raɗa wa suna RCZ. Shekara biyar da ƴan watanni ta yi a kasuwa, kuma abin da aka ƙera gaba ɗaya bai cika 68,000 ba. Ga kamfanin da ke sayar da mota fiye da miliyan ɗaya kowace shekara, wannan bai taka kara ya karya ba. Amma har yau masu sha'awar motoci a Faransa da Jamus da Ingila ba su gama gardama a kanta ba. Da yake kuwa tsofaffin motocin Turai sau da yawa a hannun ƴan kasuwar Afirka ta Yamma suke ƙarewa, ya kamata a saurari gardamar tun kafin wani alhaji ko wani babban ma'aikaci ya hango ta a filin sayar da motoci, ido ya rinjaye shi.

Irin wannan mota ita Faransawa ke kira kupe, wato wadda aka datse: ƙofa biyu, rufi a kwance, gindi kusa da ƙasa. Ba don ɗaukar iyali ake yin ta ba, ba kuma don buhun gero ba. Don ido ake yin ta, da kuma daɗin tuƙi. Saboda haka ma'aunin da ake auna ta da shi iri biyu ne, kyan sura da ƙwazon gudu, kuma a kan waɗannan biyun ne masu sha'awa suka rabu.

Asalin RCZ abin nuni ne kawai. A baje kolin motoci na birnin Farankfut a 2007 Peugeot ta fito da ita da sunan 308 RCZ, don a ga abin da masu zanenta za su iya. Jama'a suka yi ca a kanta, har shugabannin kamfanin suka ga asara ce a mayar da ita ɗakin ajiya. Aka ba kamfanin Magna Steyr na birnin Graz a ƙasar Ostiriya aikin haɗa ta, ta shiga kasuwa a 2010, shekarar da Peugeot ta cika shekara 200. An ma sauke mata lambar nan mai sifiri a tsakiya da aka san gidan da ita, irin su 404 da 504, aka bar ta da haruffa uku, don a nuna ba sa'ar sauran ba ce.

A kan sura, masu yabo ba su sha wahala ba. Rufin motar yana da tozo biyu, ɗaya bisa kan direba, ɗaya bisa kan na gefensa, da kwari a tsakani, kuma tozon bai tsaya a rufi ba, ya gangara har cikin gilashin baya. Wannan dabara tsohuwa ce, kamfanin Zagato na Italiya ya yi suna da ita tun shekarun 1950 a motocin tsere, inda ake son a kwantar da rufi ba tare da an hana hular kwano wuri ba. Sabon abu shi ne lanƙwasa gilashi ya bi wannan siffa a motar da za a ƙera da dubbai. Aka ƙara da baka biyu na alminiyam da suka tashi daga gilashin gaba suka sauka a baya, kamar bakan maharbi. Tsawonta mita 4.29, tsayinta daga ƙasa mita 1.36, wato babban mutum a tsaye yana leƙa samanta. A Paris an zaɓe ta motar da ta fi kyau a shekarar 2009. Wanda ya tsaya a bayanta ya duba, da wuya ya ce an yi son kai a zaɓen.

Masu suka sai suka ce a zagayo gaba. Fuskar kuwa ta 308 ce, motar magidanta da ƴan tasi, da ƙaton bakin nan da Peugeot ke yi wa motocinta a lokacin. Aka buɗe ƙofa, allon da ke gaban direba shi ma na 308 ne, sai dai an lulluɓe shi da kyau an dasa masa agogo mai hannu a tsakiya. Kujerun baya kuma na suna ne, yaron da ya wuce firamare ba ya zama a kansu da daɗi. Aka leƙa ƙarƙashi, nan ne suka ce sun kama ɓarawo da kaya a hannu: ƙashin motar duk na 308 ne, tayoyin gaba ne kaɗai ke ja, tayoyin baya kuma ƙarfe ɗaya ne mai murɗuwa ya haɗa su, irin na ƙananan motoci masu araha. A taƙaice, in ji su, 308 ce aka sa wa kayan amarya.

Abin da ya ƙara wa wannan zargi nauyi shi ne kishiyar da RCZ ta tarar a gida. Audi TT ta Jamus ta riga ta shiga kasuwa tun 1998, kuma samfurinta na biyu, na 2006, yana da tayoyin baya masu cin gashin kansu, kowace da hannayenta, yana da gangar jiki wadda akasarinta alminiyam ne, ana kuma iya sayen wadda duk tayoyinta huɗu ke ja. Masoyan Audi suka ce Faransawa sun kwaikwayi riga sun kasa kwaikwayon jiki. Sai dai a nan akwai abin da suke tsallakewa. Ita ma TT ta farko a kan ƙashin Volkswagen Golf aka ɗora ta. Ita ce kuma kyan sura ya kusa kai ta ya baro: bayanta mai santsi kamar ƙwarya yana sa iska ta rage mata nauyi a babban gudu, aka yi haɗurra masu muni a manyan hanyoyin Jamus, har kamfanin ya kira motocin a 1999 da 2000 ya dasa musu ɗan fiffike a baya tare da na'urar hana sulɓi. Masu zanen RCZ sun ga wannan. Nasu fiffiken a ɓoye yake cikin jikin mota, sai gudu ya kai kilomita 85 a awa ya ɗaga kai, in ya kai 155 ya ƙara miƙewa. Ba a ɓata zane ba, ba a kuma yi caca da rai ba.

Da aka koma kan hanya, zargin ƙashi ya rage ƙarfi. An faɗaɗa tsakanin tayoyi fiye da na 308, an sauke nauyin motar ƙasa, kuma masu gwaji da yawa sun shaida tana riƙe kwana ba ta tangaɗi. Abin da suka ƙi shi ne taurinta a kan hanya mai gargada, musamman mai tayoyin inci 19. An fito da ita da inji iri uku: na isansi mai lita 1.6 mai ƙarfin doki 156, wani irinsa mai doki 200, da na gazuwal mai lita 2 da doki 163. Mai doki 200 tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa bakwai da rabi ko kusa da haka. Gudu ne na mutunci, amma ba wanda zai tsorata Jamusawa ba. Sai a 2013, bayan an gyara mata fuska, sashen tsere na Peugeot ya fito da RCZ R: doki 270 daga wannan ɗan inji mai lita 1.6, kilomita 100 cikin daƙiƙa 5.9, an ƙayyade ƙarshen gudunta a 250, ga manyan faifan birki na milimita 380, ga na'urar Torsen da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba don kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza a cikin kwana. A lokacin babu motar kasuwa da Peugeot ta taɓa yi mai ƙarfinta. Da wannan ƙarfen baya da ake yi wa dariya ta yi duk abin da ta yi, kuma ko masu suka sun yi shiru.

Sai dai amsar ta zo a makare. A 2012 rukunin PSA, uwar Peugeot da Citroën, ya yi asarar kusan euro biliyan 5. A 2013 masana'antarsa ta Aulnay kusa da Paris ta daina aiki. A 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka shigo da jari, kowa ya riƙi wajen kashi 14 cikin ɗari, sabon shugaba Carlos Tavares kuma ya ce za a rage irin motocin rukunin daga 45 zuwa 26. Duk ɗan kasuwa ya san hajar da ake fara saukewa daga kanta in jari ya yi ƙasa: wadda ke tara masu kallo ba ta tara masu saye. Kuɗin aka mayar kan dogayen motoci irin 3008 ta 2016. Ita ma TT, da duk ƙarfin gidansu, an rufe babinta a 2023 bayan an ƙera fiye da 660,000.

To, yanzu da motocin suka tsufa, shekaru sun yanke wani hukunci da babu ɓangaren da ya zata. Abin da aka yi ta zargi shi ne ya zama rufin asirin mai ita. Da yake ƙashin na 308 ne, kayan gyaran ƙafafu da birki da yawa ana samun su ba tare da wahala ba, kuma ƙarfen nan ɗaya na baya ba shi da gaɓoɓi barkatai da za su ci su yi ta ƙara. Abin da aka yi ta yabo kuwa, shi ya fi ba da ciwon kai. Injin isansin, wanda ake kira THP, Peugeot da BMW ne suka haɗa kai suka yi shi, shi ne kuma a cikin Mini Cooper S na lokacin. Shekara takwas a jere, daga 2007 zuwa 2014, yana cin kyautar inji mafi kyau a ajinsa. Amma makanikan Turai sun san shi da wasu larurori: sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul tana saki, abin da ke ɗaure ta yana gajiya, famfon da ke tura isansi da ƙarfi yana mutuwa, yana kuma shan man inji. Saboda ana fesa isansi kai tsaye cikin silinda, ba ya bi ta kan bawul ya wanke su, sai baƙin gawayi ya taru a kansu har numfashin inji ya ragu. An yi gyare-gyare a samfurin baya, lamarin ya yi sauƙi, amma sunan ya riga ya bi shi.

A nan ne batun ya shafi mai karatu na Maraɗi ko Damagaram. Darajar zakin Peugeot a wannan yanki 404 da 504 ne suka gina ta, motocin da ke cin hanyar burji da lodi har sama, makaniken bakin tasha ya buɗe su da sukudireba da ƴan sifanu ya tayar. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka cika kasuwannin iyaka. Har kupe ɗin wancan zamani jaruma ce: 504 mai ƙofa biyu, zanen Pininfarina na 1969, ita ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978, ya kuma ci na Bandama a Kodibuwa a shekarar. Wanda ya ga zaki a goshin RCZ ya ɗauka jikar waccan ce a juriya, ya yi kuskuren nasaba. Suna ɗaya ne, hali daban. THP yana son isansi mai tsabta, ba na kwalba da ba a san inda ya kwana ba. Yana son man inji na ainihi, a canza shi da wuri. Ba ya son zafin watan Afrilu a cikin cunkoson Yamai, ƙurar hunturu kuma abokiyar gabar turbo ce. In ya yi ciwo, sai an sa masa kwamfuta kafin a san inda ke masa zafi. Mai gazuwal ta fi haƙuri nesa ba kusa ba, amma tana ɗauke da matatar hayaƙi da ke toshewa in gazuwal ɗin ba mai kyau ba ne ko in ba a yin doguwar tafiya da ita.

Ita ma surar tana da kuɗinta. Gilashin baya mai tozo biyu ba a yanka irinsa a kasuwa, in dutse ya fasa shi sai an aiko daga Turai. Bakan alminiyam yana dusashewa ya yi tabo. Gindin da ke kusa da ƙasa, wanda ke ba ta riƙon kwana a hanyoyin Faransa, shi ne zai fara gaisawa da kowane tudun rage gudu tsakanin Dogonduci da Birnin Ƙonni, siraran tayoyinta kuma rami ɗaya ya ishe su. Abin da ba a zata ba shi ne wurin kaya na baya, wanda ya wuce lita 300, ya fi na TT, har matafiyi biyu su zuba jakunkunansu su rage wuri.

Duk da haka ba a ce kada kowa ya saya ba. Mai wata motar ta aiki, mai zama inda gudron yake da kyau, mai makaniken da ya san injin zamani, in ya sayi RCZ don marmari bai yi wauta ba, don kuwa da wuya a sami mota mai wannan kyau a kuɗin da ake sayar da tsohuwarta. Sharaɗin shi ne ya bar zagaya ta yana kallon rufi, ya nemi takardun da ke nuna lokutan da aka canza mata mai da ko an taɓa sauya sarƙar. Ya kuma je wurin mai sayarwa da sassafe, ya ɗora hannu a kan inji ya tabbata da sanyinsa, sa'an nan a tayar a gabansa. Sarƙar da ta saki tana kaɗawa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani a daƙiƙun farko, in inji ya ɗumama sai ƙarar ta lafa. Shi ya sa dillalin da ya san hajarsa yakan tayar da ita tun kafin mai saye ya iso.