Marubuta, Ina Kuka Baro Ƙauran Namoda?

Haba marubutanmu! Littafi bayan littafi, da an ɗaura aure sai ku ɗora ango da amarya a jirgi, sai Dubai ko Jamus. To, ku dubi Jamus ɗin da kyau. Rothenburg ɗan ƙaramin gari ne. Bama-bamai sun rushe wani sashensa a 1945, mutanensa suka sake gina shi, suka gyara ganuwarsa. Yau baƙi tururuwa suke yi zuwa kallo.

Mu fa? Bajamushe Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya ratsa Zurmi a 1853, ya rubuta abin da ya gani. Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ya tuƙe. Sarkin garin har gobe Sarkin Kiyawa ake ce masa, amma yaranmu nawa suka san labarin Kiyawa? A wane littafinku za su karanta?

Kada ku fake da 'yan bindiga. Su ne ma suka mayar da aikin wajibi, domin tsofaffin da ke riƙe da tarihin a ka suna gudun hijira, suna mutuwa. Ku neme su, ku tambaya, ku rubuta, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.