Ramin Da Ke Gidanki, Alhakin Wa Ne?

A wannan watan zan ɗan jingine darasin tarbiyya da muka faro, saboda wani abu da ya faru da wata ɗalibata ya tsaya mini a rai.

Yarinya ce 'yar shekara 6, tana ajin farko a Islamiyyar da nake koyarwa a nan Dutsin-Ma. Da damina mahaifiyarta ta aike ta kai tuwo wani gidan haya da ke bayan layinsu. A tsakar gidan akwai ramin sokawe da aka haƙa ba a yi masa murfi ba, an dai ɗora tsohon kwano a kai. Ta taka, kwanon ya lotsa, ta afka. Allah Ya sa ruwan bai kai mata wuya ba, amma ta karye a cinya. Da aka sanar da mai gidan hayar, sai ya ce ƙaddara ce, kuma wa ya ce ta bi ta nan? Alhali sau biyu 'yan hayar suna yi masa maganar ramin.

Ƙaddara gaskiya ce, imaninmu ba ya cika sai da ita. To amma shari'ar da ta umarce mu da yarda da ƙaddara, ita ce kuma ta ɗora wa mai sakaci lamuni, wato biyan ɓarnar da ya jawo.

Wasu kan kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ke nuna babu diyya ga wanda ya faɗa rijiya. Imam Malik ya kawo wannan hadisi a Muwaɗɗa, ya kuma fayyace iyakarsa. Wanda ya haƙa rijiya a inda ya halatta gare shi, babu komai a kansa. Wanda kuwa ya haƙa rami ko ya ɗaure dabba a hanyar jama'a inda ba shi da izini, duk raunin da aka ji yana wuyansa. In raunin bai kai kashi ɗaya cikin uku na diyya ba, daga aljihunsa zai biya. In ya kai, danginsa na wajen uba su taru su biya. Cikakkiyar diyyar rai kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya.

A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalanmu ke komawa gare shi, akwai hukuncin katangar da ta karkata. In aka gargaɗi mai ita, ya samu lokacin gyara ya ƙi, ta faɗa wa wani, to shi zai biya. Haka kare mai cizo da aka yi wa mai shi magana. Ko a cikin gidansa mutum ya haƙa rami da nufin cutar da wani, bai kuɓuta ba. Masu jona wayar lantarki a ƙyaure don maganin ɓarawo sai su yi hattara, don sau da yawa yaron maƙwabta ne ke fara taɓawa.

Jiharmu ta Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma ana iya kai irin wannan ƙara kotun shari'a. Kotunan da ke bin dokar da muka gada daga Ingila su ma sun ɗora wa mai iko da wuri nauyin kula da lafiyar masu shigowa, musamman yara. A 1972 babbar kotun ƙasar Ingila ta kama hukumar jirgin ƙasa da laifin sakaci, bayan wani yaro ɗan shekara 6 ya bi ta karyayyen shinge wutar layin dogo ta ƙona shi. Yaron ba da izini ya shiga ba, amma hukumar ta san shingen ya karye, ta kuma san ana ratsawa ta wurin.

Da yawanmu mun tuna Rayan, ɗan shekara 5 a ƙasar Maroko, da ya faɗa wata siririyar rijiya mai zurfin mita 32 kusa da gidansu a watan Fabrairu na 2022. Kwana biyar ana haƙa, duniya na kallo, aka ciro shi rai ya yi halinsa. Rijiya ce da aka bari a buɗe.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, gine-ginen haya suka yawaita, kangaye da ramuka suka ƙaru a unguwanni. In kin bi hanya zuwa Kurfi kuwa, kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini kan cika da damina, yara na wanka a ciki. Mu ne muke wuni a gida, mu muka san inda murfi ya ruɓe. Ni kaina da na dawo daga duba yarinyar, sai na tarar katakon bakin rijiyarmu gara ta cinye shi, kullum kuma ina ɗaukar karatun yara goma sha a wannan tsakar gida. Kunya ta kama ni. Washegari Malam ya kira magini.

Don haka, uwargida, zagaya gidanki yau. Duba bakin rijiya da masai, da katangar da ruwa ya ci gindinta, da wayar wuta da ta saɓule, da tokar murhu mai zafi da ake zubarwa a ƙofar gida inda yara ke tafiya ba takalmi. Ki faɗa wa maigida cikin ladabi, ki sake tuna masa. In haya kuke, ya sanar da mai gidan a gaban shaidu biyu ko wajen mai unguwa, domin wannan gargaɗin shi ne hujjarku gobe. Kafin a gyara, a kange wurin da abu mai ƙarfi. In kuma tsautsayi ya faɗa wa ɗanki a gidan wani, ki sani neman kuɗin magani haƙƙinki ne, bai saɓa wa tawakkali ba. Yafewa kuma alheri ne in kin yi shi da son ranki.

Maganar ɗalibata ta ƙare a zauren mai unguwa. Limami ya yi wa mai gidan bayanin hukunci, ya biya kuɗin asibiti, ya zuba wa ramin kankare. Buhu biyu na siminti ya ci. Yarinyar ta dawo makaranta bayan wata uku, har yanzu tana ɗan ɗingishi.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya raba mu da ɗaukar alhakin wani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.