Kalanda biyu a kan yaro ɗaya: Yaushe ɗan Sundimina zai huta?

Duk ƙarshen Disamba sai muhawara ta ɓarke a Facebook kan ko ya halatta Musulmi ya yi barka da sabuwar shekara. Idan Muharram ya kama, gwamnatin Jigawa ta ba da hutu, sai a sake ɗauko zancen.

Kowace kalanda dai mutane ne suka zauna suka tsara ta. Rumawa ne suka mayar da 1 ga Janairu farkon shekara, Julius Caesar ya tabbatar da haka, Paparoma Gregory na 13 kuma ya gyara lissafin a 1582. Ingilar da ta kawo mana wannan kalanda ba ta karɓe ta ba sai 1752. Kafin nan 25 ga Maris ce farkon shekararta. Ita kuwa ta Hijira, a zamanin Sayyidina Umar aka tsara ta, bayan sahabbai sun yi shawara suka ɗauki hijirar 622 a matsayin mafari. Bahaushe ya kira Muharram watan cika-ciki, lokacin da ake dafa wutsiyar ragon layya a ci a ƙoshi.

Haka ma ranakun hutu. Asabar daga kalmar Larabci ta "sabt" take, ranar hutun Yahudawa. Sarkin Rum Constantine ne ya sa dokar hutun Lahadi a 321. Juma'a kuwa, da yawa na mantawa, ba ranar daina aiki ba ce: Alƙur'ani ya umarci a bar ciniki a tafi salla, in an idar a watsu neman arziki. Hutun da muka gada shi ne na makarantar allo, Alhamis da Juma'a.

To a nan matsalar take, kuma ba na jin ana tattauna ta. Ɗauki yaron firamare a Sundimina, ko wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Litinin zuwa Juma'a yana boko. Asabar zuwa Laraba yana allo ko Islamiyya. Ranar da malamin allo ya sallame shi, hedimasta na jiran sa. Ranar da boko ta rufe, allo a buɗe take. Kwana bakwai cur, babu ko ɗaya da yake nasa. Idan damina ta faɗi, ga gona. Yarinya kuma ga ɗiban ruwa da talla. Sannan mu yi ta mamakin yadda yake gyangyaɗi a aji, ko ya zaɓi guda ya watsar da ɗayar. Kowa ya san wacce aka fi watsarwa a karkara.

Sauya tsari ba saɓo ba ne. Saudiyya ta mayar da hutunta daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi da rabin Juma'a a 2022. Su don kasuwanci suka yi.

Mu ba sai an taɓa kalandar ƙasa ba. Sashen ilimi na ƙaramar hukuma, dagatai, alarammomi da iyaye za su iya zama su ware wa yara yini guda cikakke, misali Islamiyyu su riƙa hutun Juma'a da Asabar. Wasu malaman za su ce hutun Alhamis gado ne, kuma gaskiyarsu. Amma an kafa shi ne domin almajiri ya wanke kayansa ya sarara, shi kuwa yaron yau ranar Alhamis yana aji tun ƙarfe takwas.