Teburin DJ: Faifai Ba Ya Son Ƙura

Yau da 'yan DJ ɗinmu na Zuru nake, musamman waɗanda suka gaji garmaho da tulin faya-fayai, suka jingine su saboda kwamfuta.

Malam, dukiya ce a hannunka. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waƙar fim in ta goge a waya, gobe aboki zai turo maka. Faifan Shata fa in ya karce, wa zai buga maka sabo?

To ga shawara. Ƙurar hunturu kan cika layukan faifai, allura ta bi ta kai tana gurzawa. Share shi da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layin, ita kuma allurar da ɗan burushi, daga baya zuwa gaba. In ta dakushe a canza ta, don cin faifai take yi. Zafin Afrilu na lanƙwasa shi, saboda haka a jera su a tsaye, a inuwa. Sannan duba gudun: 33 ne, 45 ko 78? Mai 78 allurarsa daban, kuma da ya faɗi ya fashe.

Zaɓina na wannan wata: “Bakandamiya” ta Shata da “Karen Mota” ta Ɗan Maraya. Wanda ba shi da faifai ya kamo Rediyon Tarayya Kaduna, can ma'ajiyar tsofaffin waƙoƙi take.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.