Suna Linzami: Harshen Malami da Kula da Masu Ɗauke da Ƙwayar HIV

Hausawa kan ce suna linzami ne, wato sunan da aka laƙaba wa abu shi ke jan tunanin jama'a game da shi. Tun da aka ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a shekarar 1986, bakin Bahaushe ya ƙaga mata sunaye masu firgitarwa, irin su "kabari kusa". Ita kanta kalmar "ƙanjamau" daga ƙanjamewa ta samo asali, domin a wancan zamani rama da mutuwa su ne abin da idon mutane ke gani. Sunayen sun dace da lokacinsu, amma likitanci ya yi nisa ya bar su a baya. Saboda haka wajibi ne malamin Hausa ya gyara harshensa, domin kalmar da ta tsufa tana iya hana marar lafiya zuwa asibiti.

Da farko, akwai bambanci tsakanin ƙwayar HIV da cutar ƙanjamau. Ƙwayar tana shiga jini ta riƙa lalata ƙwayoyin garkuwar jiki sannu a hankali, har mutum ya yi shekaru ba tare da wata alama ba. Ƙanjamau kuwa mataki ne na ƙarshe, lokacin da garkuwa ta rushe, cututtuka irin su tarin fuka suka sami ƙofa. Daga shekarar 1996 aka fara haɗa magunguna uku masu danne ƙwayar, kuma Nijeriya ta fara bayar da su kyauta a 2006. A yau mafi yawan masu jinya ƙwayar magani ɗaya tak suke sha a rana. Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, amma yana hana ta hayayyafa, ta yadda mai shan sa kan ƙa'ida zai yi noma, ya yi kasuwanci, ya yi aure, ya tsufa kamar kowa.

Bugu da ƙari, jinyar kanta rigakafi ce. Bincike ya tabbatar da cewa wanda magani ya danne ƙwayar a jininsa har gwaji ya kasa gano ta, ba ya sa wa abokin aurensa ita ta hanyar saduwa. Haka nan mace mai juna biyu da ba ta shan magani, yiwuwar ta sa wa jaririnta ƙwayar yakan kai kashi 15 zuwa 45 cikin 100, amma idan ta riƙe magani a lokacin ciki da haihuwa da shayarwa, sai ya sauko ƙasa da kashi 5. Wanda kuma allura mai jini ta soke shi, ko aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kwana 28 da ke kare shi, muddin an fara cikin sa'o'i 72. Wannan ne ya sa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora duk wanda aka samu da ƙwayar a kan magani ba tare da jira ba.

To, idan magani yana nan, me ke ci gaba da kashe mutane? Babu abin da ya kai jinkirin gwaji da yanke shan magani, kuma tsangwama ce ke haddasa su. Magidanci yakan tsallake asibitin garinsu ya tafi wani gari don kada a gan shi a layi, ranar da kuɗin mota ya gagara sai magani ya yanke. Matar aure takan ɓoye kwalbarta don gudun saki. Yanke magani kuwa yana ba ƙwayar damar farfaɗowa, har ta daina jin maganin. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya. A cikinsu akwai jariran da aka haifa da ita, waɗanda yanzu suke zaune a azuzuwan firamare da sakandare.

Wasu na ganin cewa sassauta harshe zai cire wa matasa tsoro, ya buɗe ƙofar lalata. Damuwarsu abar dubawa ce, kuma tarbiyyar kamun kai tana nan a matsayinta. Sai dai tsoro bai taɓa kai kowa ɗakin gwaji ba, ɓuya kawai yake koyarwa. Haka kuma ƙwayar tana yaɗuwa ta ƙarin jini marar tantancewa, da allura ko askar da aka yi tarayya a kanta, da kuma daga uwa zuwa ɗa. Wanda ya ɗauki kowane marar lafiya a matsayin mazinaci ya yi ƙazafi, addini kuwa ya yi hani da ƙazafi.

Aikin malami a nan a fili yake. Ya ce "mai ɗauke da ƙwayar HIV" a inda ya saba cewa "ɗan ƙanjamau". Ya koya wa ɗalibai cewa ba a ɗaukar ƙwayar ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro. Idan iyaye suka ba shi amanar halin ɗansu, ya rufa asiri, ya ba yaron izinin zuwa karɓar magani ba tare da tambayoyi a gaban aji ba. Ya kuma san cewa dokar hana wariya ta 2014 ta haramta korar ɗalibi ko ma'aikaci saboda ƙwayar.

A ƙarshe, likita yana ganin marar lafiya ne bayan watanni, malami kuwa kullum yana tare da yara. Magana zarar bunu ce: kalma guda ta izgili a cikin aji tana iya sa yaro ya zubar da maganinsa. Malamin da ya kiyaye harshensa ya taimaki likita, ya kuma ceci rai.